Turmin Yaya Hajo

Ranar wata Laraba ce bayan yankan gero, shekarar da nake aji biyu, ajin da ni da boko muka rabu cikin mutunci, aka fito da kayan ɗakin Yaya Hajo tsakar gidanmu a Kebbe. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ita ke tsamo ni daga tabki da kunne, ga shi mijinta Malam Buba ya ƙudura komawa Makka da zama. Mata suka kewaye kayan jugum kamar zaman makoki. Aka cusa fanteka cikin fanteka, aka naɗe tasoshi da tsofaffin zannuwa, kuka da daddawa suka shige adudu, littattafan Malam suka cika akwatin ƙarfe. Ni kuwa aka ba ni babban muƙami: in hau murfi in danne, a ɗaure da igiyar rama.

Sai aka zo kan turminta na ƙirya, gadon innarmu. Malam ya ce jirgin sama awo yake yi, ba ya ɗaukar gungume. Yaya ba ta yi musu ba. Ta cusa taɓaryar cikin naɗin tabarma, ta mirgino mini turmin. "Auta, riƙe mini. Kifa shi a inuwa, kar gara ta taɓa shi. Wadda ta tafi da taɓarya ai dole ta dawo wa turminta." Na yarda, don ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba. Har motar Tambuwal da ta ɗauke su ta ɓace ina zaune a kansa, ranar ko langa ban fita ba.

Kullum na dawo kiwo sai na ɗaga shi na duba ko gara ta yi masa rami. Na yi gemu ina dubawa, gemun ya yi fari. A can Makka Yaya ta tsufa, a can aka yi mata sutura. Alhazan garinmu sun ce sun ga taɓaryar jingine bayan ƙofarta, ba ta taɓa yarda a daka da ita ba.

Bana jikata Asma'u ta bi mijinta Ingila. Nata kayan kwalaye ne da sikeli, wani kamfani ya kwashe su zuwa jirgin ruwa kafin in gama alwala. Na ce, "Amaryata, bar mini abin da zai jawo ki gida." Ta yi dariya, ta miƙo mini cajar waya. Na karɓa da hannu biyu, na kifa turmin a kan cajar. Mai gadi ba ya zaɓen amana.