Inna Ta Daka Ƙwayar Likita

Jama'a, ku ji wata sabuwa!

Kwana uku ke nan da likita ya rubuta wa Inna maganin zogi da kumburin gwiwa, amma shiru, har salla a zaune take yi. Yau da safe na leƙa Tudun Wada gaishe ta, na tarar tana daka ƙwayar tana kwaɓawa da man kaɗanya!

Na ce, "Inna, haɗiya ake yi!"

Ta ce, "Kumburi na waje, me zai kai magani ciki?"

Na kira likita, ya ce ta ci abinci ta haɗiya. Da ƙyar ta yarda.

Wallahi a tsaye ta yi la'asar! Tana sallamewa ta ce, "Ka gani ko? Man kaɗanya ya fara aiki."