Barewar Madam

Cin rani ya kawo ni Najeriya daga ƙauyenmu na bayan Ƙonni, lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori. Niyyata in yi lebura, in koma gida kafin ruwa ya sauka. Sai ɗan Faransancin da na tsinta ina yaron gida ya ja mini. Matar wani injiniya Bature tana jin Faransanci, ba ta jin Hausa ko ta “zo in kashe ka”, aka ce ga ɗan Nijar, aka tura ni gidanta a kwatas ɗin Turawa, cikin shingen waya mai ƙofa ɗaya.

Na ɗauka shara da wanke-wanke zan yi. Ashe marayu zan raina. Ruwan dam yana cin daji, katafila tana cin sauran, dabbobi suka rasa wurin zuwa, kuma duk wadda aka tsinto gidan Madam ake kawo ta. Akwai biri mai yankakkiyar wutsiya wanda ya ɗauki hulata abokiyar gaba, da gauraka mai karyayyen fiffike, da bushiya da ba ta taɓa gode wa kowa ba. Ina tashi in kwashe kashi, in wanke kwanuka, in yanka gwanda wadda ni kaina ban isa in ci ba.

Duk waɗannan da sauƙi. Wadda ta ɗaure ni ita ce 'yar barewa da masunta suka ciro daga wani tudu da ruwa ya kewaye, ko cibiyarta ba ta bushe ba. Ba ta shan madara sai a hannuna, daga kwalba mai bakin roba, kuma ba ta jimawa sai ta sake nema. Ranar kasuwar Talata Mafara abokaina su yi wanka su fita, ni ina tsugune ina lallashin jaririyar da ba ni na haifa ba. Haushi nake ji sosai, amma idan ta ɗora haɓarta a gwiwata sai in rasa wanda zan zaga.

Da zafi ya tsananta, wani ɗan garinmu ya zo da saƙon baki. Mahaifina ya ce gwiwoyinsa sun ƙi, ba ya iya riƙe sungumi, in zo in yi shuka. Ni kaɗai ne namiji a gidan, kuma gero ba ya jiran kowa. Na faɗa wa Madam. Ba muguwar mace ba ce, har idonta ya kawo ruwa, amma ta ce in dakata barewa ta bar kwalba, mu sake ta a daji, sannan in tafi da albarka. Ina iya tsallake shingen in kama hanya, amma a ƙasar mutane nake, kuma na san 'yar banzar nan yunwa za ta kashe ta.

Wata dattijuwar Bafulatana daga wajen Damri ke kawo mana madara. Ta gan ni na yi tagumi, na kwashe duka na faɗa mata.

“Kai ɗan Nijar, mi ad da wuya?” in ji ta. “Ka samo akuya mai shayarwa, ka shafa ma ɗiyar nonon akuyar bisa kai da gindin wutsiya. In ta shinshina ta ji warinta, ta amshe.”

“Inna, barewa fa ce.”

“To, ita akuyar ta yi boko ne?”

Haka aka yi, akuya ta karɓa. Barewa ta yi ɓul-ɓul, ta fara tsinkar ciyawa, tana bin uwar riƙonta ko'ina. Na ɗaure kayana, ina duban gabas kullum, hadari yana ta haɗuwa yana watsewa.

Ranar saki, ni da Madam da direba muka sa ta a bayan Landiroba, muka wuce garin Tsibiri zuwa inda sauran daji ya rage. Na buɗe, na sauke ta, na tafa hannu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan ko rarrafen ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallonmu. Can ta ji kukan awaki, ta kama hanyarsu a hankali, har ta je ta shinshini rigar wani tsoho da ke sassabe a gefen hanya.

Muka gaisa da tsohon, gaisuwa mai tsawo, har ya tambayi mutanen Ƙonni. Sannan ya shafa wuyanta yana dariya.

“Ikon Allah. Wanga nama kyakkyawa ne, ga shi ya ji kiwo.”

Madam ta tambaye ni abin da ya ce. A wurinmu duk dabbar daji nama ce, ko tana gudu ko tana tukunya, kuma tsohon yabo yake yi. Ni kuwa Faransancina na kicin ne, kalma ɗaya na sani, wadda ake sayen tsoka da ita wurin mahauci. Ita na ba ta.

Fuskar Madam ta canza. Na yi ta bayani, na ce ba yanka yake nufi ba, na rantse, na haɗa da hannu. Tsohon yana ta murmushi yana gyaɗa mata kai, abin ya ƙara lalacewa. Ta rungumi barewa da kanta ta mayar mota. Ta ce ba za ta saki dabbar da ba ta san tsoron mutum ba, sai mun koya mata, ko da zai kai ƙarshen damina. Ta ce “mu”, amma ni take kallo.

Muna hanyar komawa ruwan farko ya tsuge, mai ƙarfi, irin wanda ake shuka da shi. Hadarin ya yi arewa, wajen gida. Barewa ta kwanta a kan ƙafafuna ta yi barci, ni kuwa na juya fuska ga taga don kada direba ya ga idona. Na san gobe da sassafe mahaifina zai ɗauki sungumi da gwiwoyin nan nasa, uwata tana bin sa da ƙwaryar iri. Mai gadi ya buɗe mana ƙofa, ya yi mini barka da ruwa, ya rufe.