Takardar da Malam Ya Kasa Roƙa

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ban taɓa faɗa a gidan biki ba.

Gidan nan da muke ciki a Gusau, ba kuɗi hannu muka saye shi ba. Irin na gwamnati ne da ake ba ma'aikaci, ana cira a albashinsa duk wata. Da maigidana ya yi ritaya, fansho ya zo yau, ya ɓace wata biyu. Gonarmu ta Bungudu da ke rufa mana asiri, damina uku ba mai iya taka ta don tsoron 'yan bindiga. Biya ya tsaya, takardun gargaɗi suka fara zuwa. Ban yi boko ba, amma na san su, don duk ranar da ɗaya ta zo Malam ba ya gama tuwonsa. Har ƙanwata ta Tsafe ta share mana ɗaki, ko da za a fitar da mu.

Wata safiya ina tankaɗe na ji a rediyo an yi sassauci. Wanda biya ya gagara ba za a kore shi ba, za a ƙara masa lokaci, in dai ya kawo shaidar mai unguwa cewa ya gaza.

To, mai unguwarmu surukinmu ne. Ɗansa ke auren ɗiyarmu ta fari.

Na ce, "Malam, ka ji?"

Ya ce, "Da kunnena, ai."

"Yaushe za ka?"

"In zauna gaban mutumin nan in ce na kasa? Gobe ɗiyata ta yi laifi, a ce mata gidan ubanta ma na bashi ne?"

Sati biyu ina lallashi. Ranar da ya yarda, har da babbar riga. Ya je, suka yi zancen tsadar taki, aka dama masa fura, ya sha ya dawo hannu wofi.

Ni da ko kasuwa ba na zuwa, na ɗauki mayafi na shiga wurin matar mai unguwa. Na yi ta gaisuwa har ta ƙare mini. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, huta. Tun ranar sanarwa Alhaji ya rubuta takardar. Tana aljihunsa ranar furar nan, ya rasa yadda zai miƙa ba tare da ya ci fuskar surukinsa ba."

Na karɓo, na sa a aljihun rigar Malam. Bai tambaye ni ba. Washegari ya kai ofis, aka ƙara mana lokaci. Bashin dai yana nan, ko kwabo bai ragu ba.

Muna cikin gidanmu, alhamdulillahi. Amma Malam ya canza masallaci don kada su haɗu da mai unguwa, kuma ranar sunan jikanmu ya kwanta, wai ƙafa ke masa ciwo. Na gaji da kai saƙon gaisuwa tsakanin dattawa biyu da ba su taɓa faɗa ba.

Ke fa, da ke ce, za ki karɓo takardar nan?