Minti Hamsin na Mai Sikeli

A duk garin nan babu wanda ya san sararin samaniya kamar Mai Sikeli. Shekara goma sha tara yana aiki a filin jirgi, a bayan kanta, inda yake auna jakunkunan matafiya. Ya san kilomita ɗari huɗu da goma ne tsakanin filinsu da na garin da mahaifiyarsu take, kuma jirgi na cinye su cikin minti hamsin. Hawan ne dai bai taɓa yi ba.

Da wannan minti hamsin yake gasa wa yayansa magana. Yayan direba ne, awa bakwai yake yi a kan hanyar. Ko a wajen ta'aziyya suka haɗu, sai Mai Sikeli ya tambaya ko akwalar motar tasa tana nan da ranta. Shi kuwa yayan ba ya kiransa da komai sai "matuƙin sikeli". Matansu sun daɗe da daina sa baki.

Matafiya ma ba ƙaunarsa suke ba. A kan rabin kilo ya taɓa sa wata tsohuwa ta zazzage jakarta a gaban layi. Jirgin ƙarami ne, in ji shi, kuma sikeli bai san furfura ba.

Wata Laraba da sassafe ƙanwarsu ta bugo waya: ƙarfe huɗu na yamma za a shiga da Inna tiyata, kuma tana son ganin su biyun kafin nan. Ƙarfe bakwai yayan ya tsaya a ƙofar gidansa, bai ko kashe mota ba.

"Shigo mu tafi. Ba don halinka ba."

"Yaya, yi gaba abinka. Zan tarbe ka a ƙofar asibiti da ruwan wanke fuska."

Yayan ya dube shi sama da ƙasa, ya ja tsaki, ya ja mota.

Tikitin ma'aikata ne da Mai Sikeli, irin wanda ba a shiga da shi sai in wuri ya rage. Jirgin kuma na ƙarfe ɗaya ne, shi kaɗai a rana. Ya sa sabon kaftani, ya auna kaya kamar kullum, ya rubuta jimla, ya miƙa. Kujera ɗaya ta rage. Amma da shugaban sashe ya duba takardar, ya ce nauyi ya riga ya cika, ba za a ƙara ko jariri ba. Mai Sikeli ya ce ai lissafi kan zo da kuskure. Shugaban ya tuna masa cewa shekara goma sha tara nasa bai taɓa kuskure ba, shi da bakinsa yake faɗa musu kullum.

Ta gilashi Mai Sikeli ya kalli jirgin har ya ɓace. Ƙarfe biyu da rabi ƙanwarsa ta sake bugowa. Yaya ya iso, yana zaune riƙe da hannun Inna, ita kuma tana ta tambaya ko jirgin ya sauka.

Ya sauka tun biyu saura minti goma. Minti hamsin cif.