Ranar Hutun Tsohuwa

Shekara ashirin da shida Haradhan Maiti ya yi a ɗakin ƙasa na ginin binciken da duk sassan jami'armu ke amfani da shi, shi da na'urar hangen ƙwayoyin da ido ba ya gani. Tsohuwa yake kiranta, mu kuma muna ce masa Haru-da, ni kuwa Didi yake ce mini, wato yaya, don girmamawa. Masu ilimin tsirrai, masu sinadarai, har likitoci, kowa layi yake bi a ƙofarsa. In ka samu hoton abin da kake bincike, shi ke nan, sai wata buƙatar. Ni ma da taimakonsa na yi digirina na uku, amma ban taɓa tambayarsa ko yana da iyali ba. Shinkafarsa da ɗan kifi a gefen na'urar yake ci, shi kaɗai.

Bara aka ce za a turo mai duba kayan aiki daga Delhi. In Tsohuwa na aiki a bar ta, in ba ta yi a kwance ta a sayar da ƙarfen, Haru-da kuma a mayar da shi sito. Wata guda yana gyara, har ta koma garau.

Sai ga mutumin nan, Dakta Bhalla, ya faɗo ranar bikin Bishwakarma, ranar da ake rataya wa kowane inji furanni a bar shi ya huta. Haru-da ya riga ya ɗiga wa Tsohuwa jan garin ibada, turare na tashi.

Shugaban ginin ya ce, "Haru, kunna ta."

"Ranka ya daɗe, yau fa ba a taɓa ta."

Dakta Bhalla ya yi dariya. "To Baba, ita ma azumi take? Jirgina ƙarfe huɗu ne."

Na ja shi gefe. "Haba Haru-da! Minti goma ne fa. Aikinka ne ke cikin haɗari."

"Didi, kwana ɗari uku da sittin da huɗu tana muku bauta. Ɗaya ne nata."

Wallahi haushi ya kama ni, kamar in shaƙe shi. Taurin kai sai ka ce jakin kasuwa! Dakta Bhalla ya duba agogo, ya rubuta cewa ba a ga tana aiki ba, ya ɗauki alewar bikin guda ɗaya ya fice. Sauran malamai suka bi shi zuwa cin abinci.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara. Haru-da ne, cike da murna.

"Didi, ta tashi! Hoto tas, kamar ranar da aka kawo ta. Na kira ofis ba wanda ya ɗauka. Ki sauko ki gani, ko mutum ɗaya ya shaida."

Na san rahoton Dakta Bhalla ya riga ya isa Delhi, kuma ba zan iya kallon idonsa ba. Na ce masa ina da aji.

Ya ce, "To, ba komai. Zan bar ta a kunne."

Ba ni da aji ranar.