Yadda Aka Gaya wa Gwaggo Tambara

Ran Litinin ɗin da aka koma lakwal, wato makarantar boko, shekarar da na shiga aji uku, motar Dogon Dutsi ta sauke wata mata a ƙofar gidanmu a Matankari, da katifa a naɗe da kwalin littattafai. Madan Saratu ce, sabuwar malamarmu, wadda Baba ya ba ɗakin da ke kusa da rumbu. Tana shigowa ta tarar da Gwaggo Tambara, ƙanwar Baba, a kan tabarma tana ɓare wake. Ta yi sallama har sau biyu. Baba ya ce, "Ba ta ji, ba ta gani, Madan. Sanƙarau ne ya kama ta tun tana ɗiya ƙarama." Madan ta durƙusa ta kama hannunta. Gwaggo ta shafa fuskar baƙuwar, ta ce da ƙarfi, "Inna?"

Inna ita ce kakarmu, kuma ta yi damina biyu da rasuwa. Ciwon ya bar wa Gwaggo bakinta, tana iya tambaya, amma babu hanyar da amsa za ta kai gare ta. Kowace safiya sai ta tambayi Inna, a dafa kafaɗarta, a miƙa mata fura. Tsofaffi sun ce doguwa ce ta shafe ta, an ma taɓa kai ta wurin 'yan bori a Lugu, daga baya aka haƙura. Mu yara kuwa, in mun dawo daga rijiya ko yankar ciyawar awaki, wasan ɓuya muke yi a bayanta, mu kwashi gyaɗarta mu gudu.

Madan ta fara da abu biyu: matsa hannu sau ɗaya "i", sau biyu "a'a". Kullum bayan la'asar, da alli a yatsunta, takan zauna ta sa hannun Gwaggo a ruwa, a hatsi, a bayan akuya, ta bi kowanne da alamarsa a tafin hannu. Mutane ma suka samu tasu: Baba gemu, ni giɓin haƙori, Inna zobe. Sau da yawa Gwaggo takan fusata ta yi jifa da ƙwarya. Madan ta ɗauko, su ci gaba. Mu ma ba ta bar mu ba. Takan ce, "Duk wanda ya wuce ta bai gaishe ta a hannu ba, ni da shi a aji."

Ana gab da shuka, Madan ta ce wa Baba, "Yanzu za ta gane. Amma ba ni ya kamata in faɗa mata ba, uwarku ce." Baba ya yi kwana uku yana fakewa da sharar gona. A na huɗu, da hantsi, ya zauna gaban Gwaggo. Ya yi mata alamar zobe, ya kwantar da hannunta a ƙasa, ya zuba rairayi ya rufe shi. Gwaggo ta ce, "Ta rasu?" Ya matsa sau ɗaya. Ta tambayi yaushe, ya yi alamar ruwan sama, ya lanƙwasa mata yatsu biyu. Ta ce, "Ni kaɗai ce ban sani ba." Ta yi kuka, ta nemi buta, ta yi alwala. Kwana bakwai ta yi tana zaman makoki, maƙwabta suna zuwa, Madan na tsaye a zaure tana koya musu yadda ake ta'aziyya a hannu.

Bayan shekara biyar aka canja wa Madan wurin aiki. Gwaggo tana nan da ranta, tana tufkar igiya a gidan ƙanena. Baba ya rasu, kuma ni na gaya mata, a ranar. A da duk gidan ne ke magana da ita, har da masu tallan nono. Yau jikoki suna wuce ta da waya a hannu, mu biyu kaɗai, ni da ƙanena, muka rage da muka iya. In na je daga Dogon Dutsi, ba ta sakin hannuna sai labari ya ƙare.