Masuncin da Ya Ƙi Mutuwa

Kawuna mai majigi ne tun yana da gashi a ka. Ran da aka rufe gidan silimar da yake aiki aka mai da shi wurin ajiye siminti, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna: wani kujera, wani fanka. Shi Kawu injin ya rungumo, da gwangwanayen tsofaffin finafinai da ko ɓarawo ba ya kallo.

Yanzu gyaran rediyo yake yi. Amma duk Asabar da yamma sai ya rufe shago, ya toshe taga da kwali, ya rataya farin zanin gadon matarsa Gwaggo, mu tsofaffin banza mu jeru a benci. Finafinan ba kala, kuma ba mai jin yaren 'yan wasan, don haka Kawu ne tafinta. Jarumi ya buɗe baki sau ɗaya, Kawu ya yi masa magana ta minti biyar.

Wanda muka fi so shi ne na wani masunci. A tsakiyar fim jirginsa ya kife, a yi makoki, budurwarsa ta yi kuka har mu ma mu ara. Kawu ya canja faifai, sai ga masunci tsaf da sabuwar riga ana bikinsa.

"Kawu, wa aka binne ɗazu?"

"Wani ne mai kama da shi. Ku yi shiru, ana biki."

Sai Mai Kemis na bakin layi, wanda shi ma mayen tsofaffin finafinai ne, ya shigo wata Asabar yana ɗaga waya.

"Baba, na samo fim ɗinka. Biki ne farko, mutuwa ce ƙarshe. Shekara da shekaru a juye kake nuna mana shi!"

Ka ce wa Kawu bai iya gyaran rediyo ba, zai yi dariya, don shi ma ya sani. Amma majigi? Shi ke nan abin da yake taƙama da shi a duniya. Ya ɗauko gwangwanayen fim ɗin.

"Ga lamba a jikin murfi. Biyu, uku. Ni na kife jirgin?"

"Murfi ai ba faifai ba ne, Baba."

Aka ce a gwada. Kawu ya sa yadda Mai Kemis ya ce. Wallahi komai ya zauna daidai: aka yi biki, masunci ya shiga ruwa, bai fito ba, rubutu ya hau zani. A cikinmu 'yan benci, Tela ya cire hula yana fifita da ita. Direba ya ce shi a mayar masa da Asabar ɗinsa. Kawu kuwa ya zauna a kan akwati, ya ce daga yau ya bar majigi, tunda ido ya tafi, kai ma ya bi shi.

Gwaggo ta leƙo karɓar zaninta, ta tarar da mu kamar masu zaman makoki. Aka ba ta labari.

"Au, wannan? Ni na musanya murafen, tun ina amarya."

"Ke?"

"Ni mana. Ka kai ni kallo satin bikinmu, ango ya nutse a ruwa, ka zo kana tambayata ko na ji daɗi. Da ka kawo gwangwanayen gida shafa mai, na gyara abina. Kuma kai da bakinka ka ce ka tuna, haka yake dama."

Dariya ta kusa karya benci. Kawu ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Kun dai ji. Injina bai taɓa kuskure ba. A cikin gida aka yi min juyin mulki."

Mai Kemis ya sa wayarsa a aljihu. "To Baba, a mayar mana da na Gwaggo."

Har yau masuncin nan yana nutsewa duk Asabar ɗin da aka sa shi, ya fito ya yi aurensa. In baƙo ya tambayi wa aka binne, Kawu ya nuna ƙofar gida ya ce, "Je ka tambayi darakta."